Kowa Da Taskarsa: Adana Kalmomin Sirri Tsakanin Miji Da Mata

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, mas'alar da nake so mu tattauna a yau za ta yi kama da ta masana kwamfuta, alhali rabinta fiƙihu ne. Ita ce yadda miji da mata za su adana kalmomin sirrinsu, wato na imel da na banki da na shafukan zumunta, a cikin manhajar da aka gina domin haka, ba tare da ɗayansu ya rasa sirrinsa ba, kuma ba tare da ɗayansu ya tsaya a bakin ƙofa a kulle ba ranar da ɗan'uwansa ya kwanta asibiti ko ya riga mu gidan gaskiya. Ra'ayina a kai shi ne kowannensu ya mallaki taskarsa ta kansa da mabuɗinsa, su buɗe ta uku ta tarayya domin al'amuran gida, sannan su tanadi hanyar gaggawa a rubuce. Na san akwai waɗanda wannan magana ba za ta yi musu daɗi ba, zan kuwa zo kansu.

Da farko ya kamata mu san inda matsalar take. Matashi ɗaya a yau yana iya mallakar asusu ashirin ko talatin a intanet, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta iya riƙe kalmomin sirri talatin mabambanta. Abin da akasarinmu ke yi shi ne mu ƙirƙiri guda ɗaya, galibi sunan ɗa ko 'ya haɗe da shekarar haihuwa, mu riƙa maimaita ta ko'ina. 'Yan dandatsa sun san da wannan ɗabi'a sarai. Idan suka fasa rumbun wani kamfani suka kwashe sunaye da kalmomin sirri, sai su bi sauran shafuka suna gwada su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya maimaita tasa kuwa an gama da shi. Kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 ya shafi asusu biliyan 3, kamar yadda kamfanin ya bayyana a 2017. An yi wa LinkedIn makamancinsa a 2012. Wani masani ɗan Ostareliya mai suna Troy Hunt ya buɗe shafin Have I Been Pwned a 2013, inda mutum zai sa adireshin imel ɗinsa ya ga ko yana cikin waɗanda aka kwashe. Ku gwada. Da yawanku za ku tarar da sunanku a ciki.

Manhajar adana kalmomin sirri ita ce maganin wannan ciwo. Taska ce wadda ke ƙirƙirar wa kowane asusu doguwar kalma mai wuyar hasashe, ta adana, ta kuma cike maka ita duk lokacin da za ka shiga. Kai abin da za ka haddace guda ɗaya ne tak, wato babban mabuɗin da ke buɗe taskar. Ana layance bayanan tun a cikin wayarka kafin su isa kwamfutocin kamfanin, ta yadda ma'aikatansu kansu ba sa iya karantawa. Daga cikin sanannu akwai KeePass wadda ta fito a 2003, kuma tana ajiye komai a cikin na'urarka. Da 1Password ta wani kamfanin Kanada, tun 2006. Da Bitwarden wadda ta fito a 2016, kowa kuma yana iya duba yadda aka rubuta ta. Google da Apple ma kowanne yana da tasa a cikin wayoyi.

To, a nan ne ma'aurata ke rabuwa gida biyu. Wasu suna cewa ai miji da mata abu guda ne, don haka a buɗe taska ɗaya, mabuɗi ɗaya, kowa ya zuba nasa. A zahiri wannan ya fi sauƙi, kuma yana da ƙamshin soyayya. Sai dai ni ban ga dacewarsa ba, ko ta fuskar shari'a ko ta fuskar tsaro.

Aure a Musulunci ba ya narkar da dukiyar mace a cikin ta mijinta. Sadakinta nata ne, aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a ba ta shi da daɗin rai, aya ta 32 kuma ta tabbatar wa maza rabon abin da suka tsuwurwurta, ta tabbatar wa mata nasu. Gadon da ta ci a gidan ubanta nata ne, ribar ƙosai ko ta ɗinki ko albashinta duk nata ne. Gaskiya ne Malikiyya sun ce ba za ta yi kyautar abin da ya haura sulusin dukiyarta ba sai da yardar miji, saɓanin jumhurun malamai, amma ko su ɗin ba su ce ya mallaki dukiyar ba, ba su kuma ba shi damar ɗiba ba. Wanda ya riƙe kalmar sirrin asusun bankin matarsa kuwa, a aikace ya riƙe dukiyarta. Sau nawa mace ke yin shiru a kan kuɗin da aka ara ba a mayar ba, don kunya ko don gudun fitina? Abin da aka karɓa da kunya, malamanmu sun daɗe suna gargaɗi a kansa.

Sannan akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba: mafi yawan sirrin da ke cikin wayar mutum ba nasa ba ne. A cikin saƙonnin matarka akwai kukan da ƙanwarta ta kawo mata game da gidan aurenta, da rashin lafiyar da ƙawarta ba ta so kowa ya ji, da hotunan 'yan'uwanta mata a wajen biki babu lulluɓi. Waɗannan ba muharramanka ba ne, kuma ba kai suka ba amanar ba. Haka a cikin naka akwai bashin da abokinka ya nema a ɓoye, da takardun wurin aikinka, da tambayar da ɗalibi ya yi maka yana jin nauyi. Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, yana yaro Manzon Allah (SAW) ya aike shi wata buƙata, mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi mece ce, ya ce sirri ne, ita kuma maimakon ta matsa masa sai ta ƙarfafa shi a kan kada ya faɗa wa kowa. Muslim ya ruwaito. Nana Faɗima ma ta riƙe abin da mahaifinta ya raɗa mata a rashin lafiyarsa ta ƙarshe, Nana A'isha ta tambaye ta ba ta faɗa ba sai bayan wafatinsa. Idan uwa ba ta da haƙƙin jin sirrin wani daga bakin ɗanta, da wane dalili miji zai ce dole ya karanta sirrin surukansa?

Masu cewa "idan ba ki da abin ɓoyewa ba ni mabuɗin" sun manta cewa hanin da aya ta 12 a Suratul Hujurat ta yi game da mummunan zato da bin diddigin asirin mutane bai togace ma'aurata ba. Bal ma akwai nassi a kansu musamman: a hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim an hana mutum ya faɗo wa iyalinsa da dare daga tafiya yana tuhumarsu ko yana neman tuntuɓensu. Wanda ke ɗaukar wayar matarsa tana barci, da wadda ke lallaɓa ta mijinta yana wanka, me ya raba su da wancan matafiyi? Ban taɓa ganin gidan da leƙen waya ya kawo wa natsuwa ba. Mai leƙe idan bai ga komai ba sai ya ce an goge, idan ya ga rabin zance sai ya cike sauran da zatonsa. Wanda yake da tuhuma ta gaske yana da hanyar da Alƙur'ani ya shimfiɗa, ta nasiha da zama da kuma masu sulhu daga dangin ɓangarorin biyu.

Kada a fahimce ni a baibai. Idan mace ta ga dama ta nuna wa mijinta wayarta, ko shi ya miƙa mata tasa, babu laifi, matuƙar ba a tona asirin wani ba. Abin da nake inkari shi ne a mayar da kyauta ta zama haraji.

A ƙasar Hausa kuma akwai wasu dalilai biyu da littattafan Turawa ba za su kawo ba. Mai mata biyu ko uku, wace taska ɗaya zai buɗe? Uwargida ta riƙa ganin abin da amarya ta adana? Sai kuma saki, wanda ba ma fata amma muna ganinsa kullum. Idan komai yana taska ɗaya, ranar rabuwa wanda ya riga canza mabuɗi ya kulle ɗayan daga imel ɗinsa da hotunansa da kasuwancinsa. Wanda ya taɓa zama a sulhun ma'aurata ya san abin da fushi ke sa mutumin kirki ya aikata cikin awa ɗaya. Taskoki mabambanta suna rufe wannan ƙofa tun kafin Shaiɗan ya ƙwanƙwasa.

Yanzu ga yadda ake yi. Kowannensu zai buɗe asusunsa a manhajar da imel ɗinsa na kansa, ya zaɓi babban mabuɗinsa. Idan mijin ne ya fi sanin na'ura, ya koya mata, amma idan aka zo wajen rubuta mabuɗin ya miƙa mata wayar ya kau da kai. Haka ita ma idan ita ce gwanar. Mabuɗin ya zama kalmomi biyar ko shida waɗanda ba su da alaƙa da juna, kamar a ce tulu da hazo da barkono da jirgi da Talata, ba dai waɗannan ba tunda na riga na rubuta su. Tsawo ya fi tarkacen alamomi amfani, kuma hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, tun a 2017 ta karkata ga wannan, ta kuma daina ba da shawarar canza kalmar sirri lokaci-lokaci ba tare da dalili ba. Ina roƙon 'yan'uwa kada a yi amfani da aya ko sanannen zikiri. Abin da miliyoyin mutane suka haddace ba sirri ba ne, masu kutse kuma suna da jerin irin waɗannan jumloli.

Daga nan sai taskar tarayya. A Bitwarden mutum biyu suna iya buɗe ta kyauta, tsarin iyali na biya kuma yana ɗaukar mutum shida. A 1Password tsarin iyali yana ba kowa taskarsa ta keɓe da kuma ta tarayya. Sai dai a kula, wanda aka naɗa mai kula da iyali yana da ikon cire wani daga tsarin, don haka ya kamata su biyun duka su riƙe wannan matsayi. Apple ta kawo rukunin raba kalmomin sirri a 2023, Google kuma ta ba 'yan rukunin iyali damar tura wa juna a 2024, amma idan ɗaya yana da iPhone ɗaya yana da Android, manhaja mai zaman kanta ta fi sauƙin sha'ani. Abin da ke shiga wannan taska shi ne abin da gida ya dogara da shi: kalmar intanet ɗin gida, lambar mitar wuta, shafin makarantar yara, lambar katin asibiti, hoton takardun haihuwa, lambar mai gidan haya. Mai mata fiye da ɗaya sai ya buɗe wa kowane ɗaki tasa.

Wani zai ce, ashe ba a tara ƙwai duka a kwando ɗaya ba ke nan? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan ɓoye amsarta ba. A 2022 an yi wa LastPass kutse, a watan Disamba na shekarar kamfanin ya amsa cewa an kwashe kwafin taskokin masu hulɗa da shi. Taskokin a layance suke, don haka abin da ya tsaya tsakanin ɓarayin da dukiyar mutane shi ne ƙarfin babban mabuɗin kowa: mai dogon mabuɗi ya sami lokacin canza kalmominsa, mai gajere ya shiga haɗari. Darasin da na ɗauka shi ne a tsawaita mabuɗi, a kuma ƙara makulli na biyu, wato lambar nan mai canzawa duk bayan daƙiƙa 30 a manhajar tantancewa. Haɗarin taska mai ƙarfi bai kai na kalma ɗaya da aka watsa a shafuka talatin ba. Ɗaya haɗarin kuma shi ne mantuwa, domin a irin su Bitwarden idan ka manta babban mabuɗi kamfanin ba shi da hanyar dawo maka da shi.

Wannan ya kai mu ga ɓangaren da ya fi damuna, wato mutuwa da rashin lafiya. Da can idan mutum ya rasu akan buɗe akwatinsa a tarar da littafin bashi da takardun fili. Yau littafin yana cikin waya, wayar tana kulle da yatsan da aka binne. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ƙananan 'yan kasuwa da yawa suka koma karɓar kuɗi ta waya, har mutum ya kan mallaki asusu huɗu ko biyar, a banki da irin su OPay da Moniepoint, iyalinsa ba su san ko ɗaya ba. A 2024 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idar cewa kuɗin da ya shekara 10 a asusun da ba a taɓawa za a mayar da shi hannunsa ya riƙe har masu shi su nema. To, marayan da bai san da asusun ba, yaya zai nema?

Addininmu ya riga kowa magana a nan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Hadisin Ibnu Umar da ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim ya nuna bai kamata Musulmin da yake da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba. Ku dubi ƙissar Zubairu ɗan Awwam a Sahihul Bukhari: mutane sukan kawo masa ajiya sai ya ce a mayar da ita rance don gudun ta salwanta, ranar yaƙin Raƙumi ya kira ɗansa Abdullahi ya damƙa masa al'amarin bashin, aka lissafa ya kai miliyan 2 da dubu 200. Abdullahi ya biya, sannan ya ƙi raba gadon sai da ya yi shekara 4 yana shela a lokacin aikin Hajji ko akwai sauran mai bin mahaifinsa. Zubairu bai bar ɗansa yana lalube a duhu ba.

Hanyar gaggawa iri biyu ce, ina kuma ganin a haɗa su. Ta farko tana cikin manhajar: a tsarin biya na Bitwarden kana iya naɗa amintacce, ka sa wa'adin kwanaki, misali bakwai. Idan ya nemi shiga za a sanar da kai, idan kana raye lafiya sai ka ƙi, idan wa'adin ya cika ba ka ce komai ba sai a buɗe masa. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai, domin ya ba mace tabbacin ba za a bar ta a waje ba, bai kuma ba kowa damar leƙe a ɓoye ba. Ta biyu takarda ce da alƙalami: kowa ya rubuta babban mabuɗinsa da lambobin ceto na makulli na biyu da lambar buɗe wayarsa, ya sa a ambulan ya manne, a ajiye inda ake ajiye takardun gida. 1Password ma da kanta takan ba mutum irin wannan takarda ya buga ya adana. Google yana da tsarin miƙa bayanan asusun da aka daina amfani da shi tun 2013, Facebook ya kawo naɗa magajin shafi a 2015, Apple a 2021, sai dai na Apple ba ya haɗawa da kalmomin sirrin da aka adana, don haka kada a dogara da shi shi kaɗai.

Kada kuma a manta da layin waya, domin a nan ƙasar shi ne ginshiƙin komai, ta kansa banki ke turo lambar tabbatarwa. Mata da yawa suna amfani da layin da aka yi wa rajista da sunan miji ko na wa, tun lokacin da aka tilasta haɗa layi da lambar NIN a ƙarshen 2020. Ya kamata kowa layinsa ya kasance da sunansa. Idan kuma mutum ya rasu kada a bar layinsa ya mutu kafin a kammala da bankuna, saboda kamfanonin sadarwa sukan karɓe layin da aka daɗe ba a amfani da shi su sayar wa wani.

Saura gargaɗi ɗaya, wanda saboda shi ne ma na ce rabin mas'alar fiƙihu ne. Samun mabuɗi ba shi ne mallakar abin da ke cikin ɗaki ba. Da zarar rai ya fita, dukiyar ta tashi daga hannun mamaci ta koma kan haƙƙoƙi a jere: jana'iza, sai bashi, sai wasiyya a cikin sulusi, sai magada. Matar da mijinta ya bar 'ya'ya sumuni take da shi, wato ɗaya bisa takwas, idan su huɗu ne ma shi za su raba. Idan babu ɗa, rubu'i. Miji yana da rabi idan matar ba ta bar ɗa ba, rubu'i idan ta bari. Ragowar na wasu ne, a cikinsu kuwa sau da yawa akwai marayu, kuma aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta siffanta cin dukiyarsu da cin wuta. Wanda ya shiga manhajar banki daren rasuwa ya tura kuɗin zuwa asusunsa, ko da niyyar adanawa ce, ya jefa kansa cikin tuhuma ya kuma buɗe ƙofar shari'a tsakanin dangi. Shi ya sa nake ganin a cikin taskar, abin da ya fi lambar cire kuɗi muhimmanci shi ne bayani: sunan kowane banki da lambar asusu, wa nake bi, wa ke bina, kuɗin wa ke ajiye a wurina, adashin wa nake riƙe da shi, kuɗin masallaci ko na makaranta nawa ne a asusuna. Da wannan magada za su je kotu su karɓi takardar izini, banki ya saki kuɗin ta hanyar da doka ta sani, alƙali ko malami ya raba.

Kuma tunda bashi yana ƙaruwa yana raguwa, wannan bayani yana bukatar sabuntawa. Ni na fi son a ɗaura shi da lokacin da mutum ke lissafin zakkarsa, tunda dama ranar yakan zauna ya duba abin da ya mallaka da abin da ake binsa. A ranar sai miji da mata su duba taskar tarayya su goge abin da ya tsufa, kowa ya tabbatar ambulan ɗinsa yana nan a manne, idan kuma wani ya canza babban mabuɗi a cikin shekarar, ya yage tsohuwar takardar ya rubuta sabuwa.

Wallahu a'alam.